Me zai hana a tone tsofaffin tuddan kaburbura a huta?

"Malam, na sha karantawa cewa a wasu ƙasashe akan karkatar da titi, ko a hana manomi noma wani ɓangare na gonarsa, wai don akwai tudun ƙasa da aka binne mutanen da can a cikinsa. Mutanen nan sun mutu tun kafin a san rubutu, babu wanda ya san sunansu, ba su da magada. Me zai hana a tone tudun gaba ɗaya, a kwashe abin da ke ciki a kai gidan adana kayan tarihi, a sakar wa rayayyu filinsu? Kuma ma ta yaya ake gane kabari ne, ba tudun Allah ba?"

Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Idan na fahimce ka, ba cewa kake a wulaƙanta matattu ba. Gani kake akwai hanyar da za ta raba gardama cikin sauƙi: a ɗauke abin da ke da daraja, a kai shi inda ɓarawo da ruwan sama ba za su same shi ba, ƙasar da ta rage kuwa ai ƙasa ce kawai. Na daɗe ina aikin binciken kufai da duba irin waɗannan wurare, kuma wannan ita ce maganar da na fi ji daga bakin manoma da 'yan kwangila da injiniyoyin hanya. Ba maganar banza ba ce. Sai dai ta ginu a kan zaton cewa tudun tamkar akwati yake, a buɗe, a kwashe kaya, a jefar da fanko. To, nan muka rabu. A wurin mai bincike, ƙasar nan da kake cewa a zubar ita ce rabin labarin, wani lokaci ma ita ce labarin duka.

Tudun kabari shi ne a ajiye gawa, ko tokar gawar da aka ƙona, a ƙasa ko a cikin ɗaki na dutse ko na katako, sannan a tara ƙasa ko duwatsu a kai har ya zama tudun da ake hangowa daga nesa. Al'ummomin da ba su taɓa jin labarin juna ba duk sun yi haka. Newgrange a ƙasar Ailan an gina shi wajen shekara 3200 kafin Miladiyya, ya girmi manyan dalar Masar. West Kennet a kudancin Ingila ya girme shi, tsawonsa ya kai mita 100, kuma an samu ƙasusuwan mutum fiye da 30 a ɗakunansa. A filayen da suka miƙa daga Yukren har Sibiriya ana kiran su kurgan. A tsibirin Bahrain sukan jeru dubbai kamar kunyoyin gona. Akwai su a kwarin Ohio na Amurka, da cikin Sahara, da yankin Senegal da Gambiya inda suke haɗe da da'irar duwatsu. A Japan, inda ake kiran su kofun, na Daisen da ke birnin Sakai ya kai mita 486 a tsawo. Kalmar "kafin rubutu" kuma ba shekara ɗaya ba ce ga kowa, don lokacin da Masarawa suka daɗe da rubutu, mutanen arewacin Turai suna da sauran shekaru dubbai kafin su fara.

Yadda ake gane shi

Wannan sashe na tambayarka shi ya fi sauƙi. Tudun da ruwa ko iska suka tara ba ya damuwa da daidaito, wanda hannu ya tara kuwa yakan fito zagaye sumul ko dogo mai tsari. Sau da yawa akwai alamar kwari kewaye da shi, wato inda aka ɗebi ƙasar ginin. Akan same shi a kan tudu inda za a hango shi a gefen sama, kuma ba kasafai yake zama shi kaɗai ba. Ko an baje shi ma kwarin nan yakan tona asiri, domin ƙasar da ta cike shi ta fi riƙe laima, sai shukar da ke kansa ta fi kore a shekarar fari, a ga zobe ƙarara daga jirgi. Yanzu akwai hasken leza da ake harbowa daga sama ya auna doron ƙasa ko da a ƙarƙashin kurmi ne, akwai kuma na'urar auna maganaɗisun ƙasa da ke nuna rami ko wurin da aka taɓa hura wuta, duk ba tare da an sa shebur ba.

Duk da haka akan yi kuskure. Na taɓa shafe kwana biyu ina awon wani tudu ina murna, sai mai gonar ya ce mini ai duwatsun da kakansa ya tsince daga gona ne ya tara a gefe. Tsohon suri da tsohon juji ma sukan ruɗi mutum. Kuma ba kowane tudun da hannu ya gina ba ne kabari: Silbury a Ingila ya haura mita 30 a tsayi, an huda shi sau uku ana neman gawar sarki, ba a samu kowa ba. Na'ura takan ce maka akwai wani abu a nan, ba ta cewa kabari ne. Tabbas sai an tona, tono kuwa shi ne asalin rigimarmu da kai.

Tono ɓarna ne, ko da masani ne ya yi shi

Abin da ake fara koya wa ɗalibi a wannan fanni ke nan. Likita yakan sake duba marar lafiya, mai karatu yakan koma shafin baya, amma tudu sau ɗaya ake tona shi. Duk abin da ba ka lura da shi ba a ranar, ya tafi ke nan.

Me ke cikin ƙasar da har ake wannan kaffa-kaffa? Da farko, tudu yakan danne doron ƙasar zamaninsa ya rufe shi kamar murfi. A ƙarƙashinsa akan samu ƙurar furanni da ke nuna ko wurin kurmi ne ko makiyaya a lokacin da aka yi ginin. A ƙarƙashin tudun South Street kusa da ƙauyen Avebury a Ingila an ga sawun garma a gicciye a jikin farar ƙasa, wanda yana cikin tsofaffin shaidun huɗa a Birtaniya, alhali tudun babu gawa ko ɗaya a ciki. Da mai neman zinariya ne ya tona shi da ya ce ya yi asarar rana. Sannan jikin tudun kansa yana faɗin yadda aka yi aikin. A Skelhøj na ƙasar Denmak, tonon da aka yi tsakanin 2002 da 2004 ya nuna cewa da ɓawon ƙasa mai ciyawa aka jera tudun, an kuma raba shi kashi-kashi daga tsakiya, alamar kowace ƙungiya da ɓangarenta. Ka ga daga ƙasa zalla an gano yadda mutanen suke shirya aikin gayya. Wannan ba abin da za a saka a gilashi ba ne a gidan tarihi. Haka nan tudu ɗaya yakan zama maƙabarta ta ɗaruruwan shekaru, na baya su zo su huda gefe su binne nasu, kuma daga jerin shimfiɗar ƙasa kaɗai ake gane wa ya riga wa.

Wani lokaci kuma tudun da kansa shi ne ma'adanar. A 1921 wani manomi a Egtved, can Denmak, yana kwashe ragowar wani tudu a gonarsa sai ya ci karo da gungumen itace da aka fafe aka yi akwatin gawa da shi. A ciki akwai wata budurwa da gashinta, da rigarta da siket na zaren ulu, da faifan tagulla a ƙugunta, da ɗan bokitin ɓawon itace mai ragowar abin sha, har da furen da ya nuna da bazara aka binne ta. Zoben shekaru na jikin itacen ya nuna an sare shi a 1370 kafin Miladiyya. Abin da ya tsare ta shi ne cikin tudun ya kasance jiƙe, wani ɓawo mai tauri na tsatsar ƙarfe ya kewaye shi ya hana iska shiga. Da zarar an fasa wannan ɓawo, ruɓewar da aka dakatar shekara dubu uku sai ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Tarihin fanninmu cike yake da mutanen da suka yi irin shawararka da kyakkyawar niyya. A farkon ƙarni na 19 William Cunnington da Richard Colt Hoare sun buɗe tuddai sama da 400 a yankin Wiltshire na Ingila, wata rana ma tuddai biyu ko uku kafin faɗuwar rana. Rami suke zurawa daga ƙoli zuwa tsakiya, su ɗauki tukunya da wuƙa da abin ado, su mayar da ƙasa. Su ne suka samo zinariyar tudun Bush Barrow a 1808, kuma a zamaninsu su ne gwanaye. Amma gawayi da tsingaro da ƙashi ba su dame su ba, domin ba wanda ya san ranar amfaninsu za ta zo. Sai a ƙarshen shekarun 1940 Willard Libby ya fito da awon shekaru ta sinadarin kabon, gawayin da ake watsarwa ya koma agogo. Yau haƙori ɗaya yana faɗin inda mutum ya girma da irin abincin da ya ci. Kwatanta da tudun Hazleton North a Ingila, wanda aka tone tsaf tsakanin 1979 da 1982, aka rubuta inda kowane ƙashi yake, aka adana. Bayan shekara arba'in, a 2021, gwajin DNA na mutum 35 ya nuna 27 daga cikinsu dangi ɗaya ne, zuriya biyar daga namiji ɗaya da mata huɗu. Waɗanda suka yi tonon ba su yi mafarkin wannan gwaji ba. To mu ma haka muke a idon waɗanda za su zo bayanmu, shi ya sa mai hankali yake barin musu rabonsu a ƙasa.

Silbury da na ambata ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun masana. Ramin da aka zura daga ƙolinsa a 1776 ba a cike shi da kyau ba, aka ƙara huda shi a 1849, aka kuma a ƙarshen shekarun 1960. A watan Mayu na 2000 sai ƙolin ya rufta. Sai da aka shafe 2007 zuwa 2008 ana ɗura masa farar ƙasa kafin ya tsaya da ƙafarsa. Tudun da ya yi shekara fiye da dubu huɗu lafiya, masu son sani ne suka kusa kayar da shi. A Japan an buɗe tudun Takamatsuzuka a 1972 aka ga zane-zane masu launi a bango, funfuna ta bi su duk da na'urorin da aka kafa, har a 2007 dole aka wargaza ɗakin dutsen aka fitar da shi gunduwa-gunduwa. Ƙasar Sin ma, bayan lalacewar alharinin da aka samu a kabarin sarki na Dingling da aka buɗe a shekarun 1950, ta daina buɗe kaburburan sarakunanta, shi ya sa har yau tudun sarki Qin Shi Huang yake a rufe. Waɗannan na baya ba na kafin rubutu ba ne, amma darasin ɗaya ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: gidan tarihi ba rijiya ba ce marar ƙasa. Tono na gaskiya yana cin watanni a fili da shekaru a ɗakin gwaji, kuma ɗakunan ajiya da yawa sun cika da kwalayen da ba a taɓa rubuta rahotonsu ba. Tudun da aka tone ba a buga sakamakonsa ba, bambancinsa da wanda ɓarawo ya fasa kaɗan ne.

Abin da ke cinye su

Mutane sukan ɗauka ɓarayi ne babbar matsala, kuma lallai suna ɓarna. A Spiro ta jihar Oklahoma, wasu mutane sun yi hayar fili daga 1933 zuwa 1935 suka fasa babban tudun, suka tarar da ɗaki cike da saƙa da faranti na jan ƙarfe da ƙoƙunan katantanwar teku masu zane, suka sayar wa duk mai kuɗi. Da jihar ta kafa doka ta tsayar da su, sai suka sa wa wurin nakiya kafin su tafi. Satar kabari ma ta girmi kowace doka, yawancin manyan kurgan tun a zamanin da aka sace su. Wani abin mamaki, a Pazyryk cikin tsaunukan Altai na Sibiriya ramin ɓarayin ne ya bar ruwa ya shiga ya daskare, ƙanƙara ta riƙe dawakai da fatar mutane mai jarfa da wata darduma da ke gidan tarihin Hermitage na Rasha yanzu. Ba don wannan za a gode wa ɓarawo ba. Ƙanƙarar ma ɗumamar yanayi tana barazanar narkar da ita.

Amma a abin da idona ya gani, garma ta fi ɓarawo ɓarna nesa ba kusa ba, don ita ba ta zuwa da dare kuma ba ta da mugun nufi. Akwai wani tudu da nake dubawa duk shekara a tsakiyar gonar wani dattijo. Bai taɓa hawa kansa da tarakta ba, kewaye shi yake yi. Sai dai kowace huɗa takan yanki ɗan gefe, abin da bai fi tafin hannu ba, ruwan sama kuma ya zo ya zaftaro na sama ya cike gurbin. Da na kafa turaku na auna bayan 'yan shekaru, sai ga tudun da yake zagaye ya koma mai kusurwa huɗu, ya bi hanyar tarakta. Mutumin ya rantse bai taɓa shi ba, kuma gaskiya ya faɗa iya saninsa. Haka dubban tuddai suka ɓace a duniya, babu ranar da za a ce yau aka rushe su.

Bayan garma sai mai neman ƙasar ciko da dutsen gini, don tudu tulin kaya ne da wani ya riga ya tara maka kyauta. Birnin St. Louis a Amurka har laƙabin birnin tuddai ake yi masa, amma babban tudunsa an gama kwashe shi a 1869 aka yi cikon hanyar jirgin ƙasa. A Bahrain unguwanni da tituna sun haɗiye dubban tuddai kafin ragowar 11,774 su shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2019. Sai kuma saiwar itace, da kofaton shanu a lokacin damina, da zomaye da sauran dabbobi masu haƙa rami. Wani abin dariya, a filin Salisbury da sojojin Birtaniya suka fara saye a 1897 don atisaye, tuddai sun fi na gonakin da ke kewaye lafiya, saboda igwa da tankar yaƙi ba su kai garma ɓarna ba. Babban abokin gabarsu a can wata dabba ce dangin dage mai fito da ƙasusuwa daga raminta, ita ma kuma doka ta hana a taɓa ta.

Ni ma na taɓa yin gyaran gangar Abzinawa. A farkon aikina na sa an kewaye wani tudu da waya don a hana dabbobi hawa, ina ganin na yi abin kirki. Tumakin da na kora ashe su ne masu aske masa ciyawa. Cikin 'yan shekaru ƙaya da ƙananan itatuwa suka rufe shi, zomaye suka samu mafaka suka huda shi ta ko'ina, turakun wayar ma a cikin tsohon kwarin muka kafa su. Dole muka cire. Gajeriyar ciyawa da kiwo marar nauyi sun fi kowane shinge.

Doka da iyakarta

Kare tuddai da doka tsohon abu ne. Suwidin ta yi tata tun 1666. Lardin Drenthe na Holan ya hana fasa kaburburan duwatsu a 1734, lokacin da ake kwasar duwatsun ana ƙarfafa ganuwar teku. A Birtaniya ɗan majalisa John Lubbock ya yi ta kai ƙudirin kare wuraren tarihi majalisa masu filaye suna kayar da shi, har ya sayi Silbury da kuɗinsa don ya tsira. Dokar da ta fito a 1882 wurare 68 kacal ta lissafa, kuma sai mai fili ya ga dama. Ko dokar 1979 da ake aiki da ita a Ingila ta bar wata kafa, inda gonar da aka saba nomawa za a iya ci gaba da noma ta muddin ba a zurfafa garma ba. A takarda wannan daidai ne, a ƙasa kuwa zaizaya tana rage tudun kowace shekara, sai zurfin bara ya kai inda bai kai ba. Tsarin Denmak ya fi burge ni saboda manomi zai iya auna shi da ƙafarsa: ba huɗa ba shuka a cikin mita 2 daga gindin tudu, ba sabon gini a cikin mita 100 sai da izini.

Shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO, wanda yarjejeniyar 1972 ta kafa, yana kawo suna da baƙi, amma ba ya turo mai gadi ko ɗaya, nauyin yana nan a wuyan ƙasar da wurin yake. Kuma wurare ƙalilan ne ke shiga, alhali yawancin tuddan duniya ƙanana ne da ba su kai ƙugun mutum ba, a gonar wani da ba a san shi ba. Game da titi da ka ambata, yarjejeniyar Valletta ta 1992 ta ƙarfafa ƙa'idar da ƙasashen Turai da dama suke bi: a duba fili tun ana zanen aiki, a kauce idan zai yiwu, idan ba zai yiwu ba kuɗin tono ya shiga cikin kuɗin aikin. Karkatar da layi a kan takarda abu ne mai araha. Tsada tana zuwa ne idan sai katafila ta fito da ƙoƙon kai sannan aka tuna da mu.

Ni ba lauya ba ne, kuma dokar kowace ƙasa daban take, don haka wanda abin ya shafa ya nemi hukumar kayan tarihi ta inda yake. Amma a kan manomi ina tare da kai fiye da yadda kake zato. Idan jama'a ce ke son a bar tudu, bai kamata mutum ɗaya ya ɗauki asarar shi kaɗai ba. Dokar da ta hana shi noma ba ta biya shi diyya ba, koya masa take yi ya baje tudun da dare kafin jami'i ya gani. Na san inda hakan ta faru.

Batun magada

Ka ce ba su da magada. A nan sai a yi hattara, domin wannan magana an taɓa cin zalin mutane da ita. A ƙarni na 19 Turawan Amurka sun yaɗa cewa wata ɓatacciyar al'umma ce ta gina tuddan, ba kakannin 'yan asalin ƙasar ba, kuma hakan ya yi wa masu korar su daga filayensu daɗi. Sai a 1894 rahoton mai bincike Cyrus Thomas ya rushe wannan tatsuniya. Tun kafin nan Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, kuma ya tona wani tudu a Virginia wajen 1784, ya ba da labarin ya taɓa ganin ayarin 'yan asalin ƙasar sun bar hanya sun ratsa daji kai tsaye zuwa tudun ba tare da sun tambayi kowa ba, suka tsaya a kansa cikin alhini. Magadan suna nan, ba a tambaye su ba ne. Dokar Amurka ta 1990 ta tilasta wa gidajen tarihi masu karɓar kuɗin gwamnati su mayar da ƙasusuwa ga ƙabilun da suka fito, kuma a 2009 ƙabilar Osage ta 'yan asalin ƙasar ta sayi ƙolin Sugarloaf, tudu na ƙarshe da ya rage a St. Louis. A Altai ma, matar da aka tono daga ƙanƙara a Ukok a 1993, mutanen yankin ba su daina kiran a dawo musu da ita ba har aka mayar da ita Gorno-Altaisk, babban birnin yankin, a 2012, wasu kuma har yanzu so suke a sake binne ta. Ko inda zuriya ta yanke da gaske, wanda aka binne mutum ne, waɗanda suka yi dakon ƙasa a kansa kuma so suke ya zauna a nan.

Inda nake yarda a tona

Ba na cewa kada a taɓa tudu har abada. Idan teku na cin gaɓa, ko madatsar ruwa za ta shanye kwari, ko ƙanƙarar da ke riƙe da gawa ta fara narkewa, barin sa a wurin ba adanawa ba ne, sakaci ne. Hazleton North da na yaba ma garma ce ta matsa masa aka yanke shawarar tone shi duka. Akwai kuma tambayoyin da ba za su amsu ba sai an tona, a nan sai a yanki ɓangare kaɗan a bar sauran. Kuma gaskiya ba kowane tudu ne zai tsira ba. A ƙasar da ke da dubbai, mutane kuma suna bukatar gidaje da asibiti, dole a zaɓa, zaɓin nan kuwa babu ma'aunin da ke yin sa ba tare da an saɓa ba. Na sha zama a taron da muka rabu ba mu daidaita ba, kuma ba kullum nake da gaskiya ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a mayar da tono hanyar kawar da tudu daga gaban katafila cikin mako biyu, a kira shi ceto.

Abin da na ga yana aiki ba shi da wani armashi. A san tudun yana nan, a sa shi a taswirar da masu ba da izinin gini suke dubawa, a bar masa zoben ciyawa, a sare itace tun yana ƙarami ba tare da an tumɓuke saiwa ba, wani ya riƙa leƙa shi. Fiye da duka, mutanen da ke kusa su ɗauke shi nasu. A 1955 an shirya baje kofun na Itasuke a Sakai don a gina gidaje, har an kafa gadar da motocin kwasar ƙasa za su bi. Mazauna garin da malamai da ɗalibai suka tashi, birnin ya sayi filin, kuma yau yana cikin rukunin da ya shiga jerin UNESCO a 2019. Karyayyar gadar tana nan a cikin ruwan da ya kewaye shi.

Dattijon nan mai tarakta, ban kai shi ƙara ba. Na kai masa hoton gonarsa da aka ɗauka daga sama shekaru da yawa baya, na ajiye kusa da na bana, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Muka yi yarjejeniya ya ja baya da 'yan taku kaɗan, aka biya shi abin da zai rasa na amfanin wannan zobe, muka kafa duwatsu huɗu da zai riƙa hangowa daga kan kujerar tarakta. Bayan kamar shekara biyu ya kira ni da sassafe, wai ya ga fitila a kan tudun cikin dare, ya fita da karensa, wasu mutum biyu masu na'urar neman ƙarfe suka gudu suka bar shebur. Da na isa na tarar ya riga ya rufe ɗan ramin da suka fara da buhu don kada ruwa ya shiga, yana tsaye yana jira in zo in duba kafin a mayar da ƙasa.